Hayaƙi Bai San Mai Tuwon Sayarwa Ba

Ranar Litinin 17 ga Mayun 2021 aka sassauta dokar kullen korona a Ingila. Mashaya da gidajen abinci suka fara karɓar mutane a ciki, gidajen sinima suka dawo aiki, aka yarda har mutum 1,000 su zauna a zauren wasa matuƙar ba su wuce rabin abin da zauren yake ci ba. Ƙungiyoyin mawaƙa na garuruwa da unguwanni, waɗanda suka shafe watanni ba su haɗu ba, su ma suka ɗaura ɗamara. Suka kama ɗakunan taro, suka auna tazarar kujeru, suka aika wa juna cewa kowa ya shirya. Kashegari Talata sai ma'aikatar al'adu ta fitar da sabon umarni: masu waƙa don sha'awa kada su wuce mutum shida a cikin ɗaki. Waɗanda waƙa ce sana'arsu ba a sa musu wannan iyaka ba. Ko ɗakin ɗan ƙaramin aji ne, ko makekiyar majami'a ce da tsuntsu zai yi shawagi a cikinta, shidan nan dai ita ce.

Jama'ar da abin ya shafa suna da yawa. Wata ƙidaya da aka yi a 2017 ta nuna akwai ƙungiyoyin mawaƙa kimanin 40,000 a Birtaniya, masu mambobi fiye da miliyan biyu. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da direbobi, da 'yan fansho, waɗanda ke haɗuwa sau ɗaya a mako da yamma, kowa ya biya kuɗin ƙungiya daga aljihunsa, a rarraba muryoyi kashi huɗu, a yi ta bita har waƙa ta zauna. Wasu ƙungiyoyin sun ga jiya sun ga yau. Ta garin Huddersfield tun 1836 aka kafa ta.

Na juya wannan umarni a raina, kuma ban sami abin da ya fayyace mini daidansa da kuskurensa kamar ɗakin girkin gidajenmu da damina ba.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san yadda ake yi idan hadari ya haɗo da la'asar. Murhun tsakar gida ya jiƙe, dole a kwashe tukwane a shige madafi, ko zaure, ko wani ɗan ɗaki da ake ajiye tarkace. Itacen ya sha ruwa, ana hurawa yana kumfa ta gindi, ana fifitawa da faifai yana ƙin ci. Wutar nan abu biyu take fitarwa. Akwai tartsatsi, wanda yake tsalle ya faɗo nan kusa, ya huda zanin wadda ke tsugune gaban murhu. Saboda shi ake ce wa yara su matsa baya, kuma wanda ya ja da baya taku biyu ya tsira daga gare shi. Sai kuma hayaƙi. Shi ba ya faɗuwa ƙasa. Yana tashi ya daki rufi, ya bazu, ya sauko sannu a hankali har ya turnuƙe kowane lungu. Yaron da aka zaunar can bayan ƙyaure, nesa da wuta, bayan ɗan lokaci za ka ga idonsa yana zubar da ruwa daidai da na uwarsa da ke riƙe da muciya. Nisan ya ɗan jinkirta masa, bai hana ba. In ƙofa a rufe take kuma girkin ya ja lokaci, kowa sai ya sha rabonsa.

Bakin ɗan Adam ma abu biyu yake fitarwa idan yana tari, ko magana, ko waƙa. Akwai feshin yawu mai nauyi, wanda bai cika wuce mita ɗaya ko biyu ba kafin ya sauka a ƙasa ko a kan tebur. Akwai kuma ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, tururin numfashi, masu sauƙin da iska take riƙe su mintuna masu yawa, wani lokaci sa'o'i. Idan mai numfashin yana ɗauke da ƙwayar cuta, tana iya hawa kowanne daga cikin biyun. Kusan duk taƙaddamar da aka yi a kan waƙa a zamanin korona ta samo asali ne daga jinkirin da hukumomi suka yi kafin su yarda cewa na biyun nan shi ne babban abin tsoro.

A garin Mount Vernon da ke gundumar Skagit, jihar Washington ta Amurka, tafiyar kimanin awa ɗaya daga Seattle, akwai wata ƙungiyar mawaƙa da ke da mambobi 122 a shekarar 2020. Ranar Talata 10 ga Maris 2020 da yamma mutum 61 daga cikinsu suka hallara bita a ɗakin taron wata majami'a. A lokacin makarantu da shaguna a buɗe suke, ba a hana taro ba tukuna. An ajiye sinadarin tsaftace hannu a bakin ƙofa. Ba a yi musafaha ba, ba a rungumi juna ba. Suka yi awa biyu da rabi suna waƙa, da ɗan hutu a tsakani inda aka ci biskit da lemo. Mutum ɗaya a cikinsu yana jin alamun mura tun kwana uku kafin ranar. Cikin 'yan kwanaki mutum 53 suka kwanta, har da shi. Gwaji ya tabbatar da 33, sauran an gane su ta alamomi. Uku aka kwantar a asibiti, biyu suka rasu. Yawancinsu dattawa ne, matsakaicin shekarunsu 69.

Mutanen nan ba sakaci suka yi ba, kuma wannan ne yake taɓa zuciyata a labarinsu. Abin da aka gaya wa duniya a lokacin sun kiyaye gwargwadon hali. Sun kare kansu daga tartsatsi, ba wanda ya ce musu akwai hayaƙi. Gaskiya ne kujerunsu suna dab da juna, kuma daga baya wasu masu bincike a Birtaniya sun ce mai yiwuwa ba mutum ɗaya kaɗai ya shigo da cutar ba. Amma ayarin masana da Shelly Miller ta jami'ar Colorado ta jagoranta ya bi diddigin wurin zaman mutanen da yanayin iskar ɗakin, ya kammala cewa da wuya taɓa kujera ko feshin yawu ya kai ga mutane masu yawa haka a dare ɗaya. Iskar ɗakin ce ta cika.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Ranar 8 ga Maris wata babbar ƙungiyar mawaƙa ta birnin Amsterdam ta yi wasa a zauren Concertgebouw. Daga cikin mambobi 130, 102 suka kamu, mawaƙi ɗaya ya rasu tare da uku daga cikin abokan zaman mambobin. Ranar 9 ga wata mawaƙan babbar majami'ar Berlin suka yi bita, kimanin 60 cikin 80 suka kwanta. Ranar 10 ta Skagit. Ranar 11 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Wanda ya fi fito da abin fili shi ne na birnin Sidni a Ostareliya, cikin Yulin 2020: mawaƙi guda, yana tsaye a saman bene cikin majami'a, ya harbi mutum 12 da ke zaune a ƙasa, wasunsu nisan mita 15 daga gare shi. Hoton bidiyon ibadar ya nuna inda kowa ya zauna, kuma bai kusanci ko ɗaya a cikinsu ba. Babu tartsatsin da yake tafiyar mita 15.

Duk da haka, a ƙarshen Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya tana shelar cewa cutar ba ta tafiya a iska. A Yulin shekarar masana 239 daga ƙasashe 32, ƙarƙashin jagorancin Lidia Morawska da Donald Milton, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a sake duba maganar. Sai a ƙarshen Afrilun 2021 hukumar ta gyara bayaninta a sarari. Abin takaicin shi ne ilimin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1930 wani injiniya ɗan Amurka, William Wells, ya bambance ɗigon da ke faɗuwa da wanda ke shawagi, kuma a 1968 likitoci biyu, Loudon da Roberts, sun wallafa bincike a kan yadda waƙa take yaɗa tarin fuka. A tsawon wannan jinkiri duniya ta ƙarar da dukiya wajen goge kujeru da feshe tituna da kasuwanni, har a garuruwanmu mun gani. Ana ta wanke tukwane da muciya, taga kuwa tana rufe.

Ban ga laifin gwamnatocin da suka hana waƙar taro a watannin farko ba, ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan karon ba tsumma ba ne. Babu allurar rigakafi, babu isassun kayan gwaji, asibitoci sun cika, ga labarin mutum hamsin-hamsin suna kwanciya daga zama ɗaya. Idan ɗaki ya turnuƙe, yara suna tari, ba a tsayawa bincike; zare itacen ake yi a fitar da shi waje tukuna. Ingila ta hana jama'a rera waƙa a cikin majami'u. Jihar Kalifoniya ta hana waƙa a wuraren ibada a Yulin 2020, kuma ko da kotun ƙolin Amurka ta ɗage haramcin yin ibada a cikin gini a Fabrairun 2021, ta bar na waƙar yana aiki. Su kansu mawaƙan ba su ja ba. Sun binne 'yan uwansu, sun san abin da ake gudu.

Sai dai zare itace dabara ce ta sa'a ɗaya. Ba a taɓa jin gidan da ya daina ɗora tukunya har damina ta wuce don gudun hayaƙi ba. Matan gida sun san abin yi tun kaka da kakanni. Ana ɓoye busasshen itace tun kafin ruwa ya sauka. Ba a cusa wa murhu fiye da abin da tukunya take bukata. Ana buɗe taga a kuma buɗe ƙofa, domin taga ɗaya ba ta jan iska sai ta sami abokiyar fuskanta. Ana fitar da jariri da tsohuwa mai ciwon ƙirji zuwa wani ɗaki. Da ruwa ya tsagaita a mayar da tukunya tsakar gida. Ranar biki ko suna kuwa, da ake jera manyan tukwane goma, ba wanda yake tunanin yin girkin a ɗaki. Ba su karanta wannan a littafi ba, sun dai gane cewa damuwar tana ga yawan hayaƙin, da faɗin wurin, da mafitar iska, da tsawon zaman.

Kimiyya ta zo ta faɗi kusan wannan magana a watan Agustan 2020. Jonathan Reid na jami'ar Bristol, tare da Declan Costello, likitan tiyatar maƙogwaro wanda shi kansa mawaƙi ne, da wasu abokan aikinsu, suka tara ƙwararrun mawaƙa 25 masu salo daban-daban. Suka shigar da su ɗakin tiyata, saboda iskarsa tatacciya ce, duk abin da na'ura ta ƙirga daga bakin mutum ya fito. Kowanne ya yi numfashi, ya yi tari, ya yi magana, ya rera waƙa a cikin wani mazurari, a hankali, da matsakaiciyar murya, da kuma iya ƙarfinsa. Sakamakon ya nuna idan murya ƙasa-ƙasa take, waƙa da magana ba su da wani bambanci da numfashi kawai. Idan an ɗaga murya sosai, waƙa ta ɗara magana da ninki ɗaya da rabi zuwa uku da 'yan kai. Amma tsakanin murya ƙasa da murya sama, ko waƙa ce ko magana, bambancin ya kai ninki 20 zuwa 30. Wato babban abin dubawa shi ne ƙarfin murya, yawan itacen da aka cusa wa wuta. Mutumin da ke ihu a mashaya don ƙungiyarsa ta ci ƙwallo ya fi dattijuwar da ke rera waƙa a hankali cika ɗaki da tururi, nesa ba kusa ba.

Ma'aikatar al'adu tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan bincike. Bisa sakamakonsa, a ƙarshen bazarar 2020 ta Turai zuwa kaka, an bar ƙungiyoyin sha'awa su koma bita a cikin ɗaki bisa sharuɗɗa: tazara, buɗe tagogi, gajarta zama, rubuta sunayen mahalarta. Sun yi hakan har kulle na biyu ya zo a Nuwamba. Shi ya sa a Mayun 2021 kowa ya ɗauka can za a koma, musamman da yake an riga an yi wa duk wanda ya haura shekara 50 tayin allura tun tsakiyar Afrilu, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na manya sun karɓi ta farko.

Gwamnati tana da hujjojinta, kuma adalci ne a faɗe su. Sabon nau'in cutar da aka fara gani a Indiya, wanda daga baya aka sa wa suna Delta, yana bazuwa da sauri a garuruwa irin su Bolton. Mawaƙan sha'awa da yawa tsofaffi ne. Masu sana'a kuma abincinsu ke nan, sun shekara ba aiki, kuma suna ƙarƙashin ƙa'idojin wurin aiki. Duk wannan gaskiya ne. Da gwamnati ta ce a ɗaki mai girma kaza kada a wuce mutum kaza, a yi minti kaza a fita a sha iska, a gwada kowa kafin ya shiga, kuma wannan ya hau kan duk mai ɗaga murya, da ba ni da ta cewa, ko da adadin ya yi tsauri.

Abin da ta yi shi ne ta raba mutane da ma'aunin da cutar ba ta san da shi ba. A ɗauka a unguwa ɗaya ga mai tuwon sayarwa tana girki a rufaffen shago da tukwane biyar, ga uwargida tana ɗora tukunyar iyalinta a faffaɗan zaure mai tagogi huɗu. Sai mai unguwa ya ce saboda hayaƙi, uwargida kada ta sa itace fiye da ƙwaya biyu, mai tuwo kuwa ta ci gaba tunda neman kuɗi take yi. Kowace mace a unguwar za ta gane cewa wannan hukunci ba a kan hayaƙi aka gina shi ba. Hayaƙi bai san mai tuwon sayarwa ba, kuma ƙwayar cuta ba ta duba ko an biya mai maƙogwaron da ta fito daga ciki. A ƙarƙashin umarnin nan, ƙwararru arba'in suna iya tsayawa su rera waƙa a zaure gaban ɗaruruwan masu sauraro, amma kashegari malaman makaranta bakwai, duk sun yi allura, ba za su yi bita a wannan zauren ba ko da babu kowa a cikinsa. A mashaya an ce mutum shida a tebur, amma ba a ce tebur ɗaya a ɗaki ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kwana uku kafin umarnin, ranar 15 ga Mayu, 'yan kallo kimanin 20,000 suka shiga filin Wembley inda Leicester, da 'yan Najeriya Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho a cikinta, ta doke Chelsea ta ɗauki kofin FA. Sun yi waƙa har muryoyinsu suka dushe. Ban ce wannan ya fi bita a rufaffen ɗaki haɗari ba. Fili a sarari yake, kuma an gwada masu shiga. Amma dattijon da ke kallon wannan a talabijin, wanda aka ce ƙungiyarsa ko a waje rukunin mutum 30 aka yarda mata, dole ya tambayi kansa matsayinsa a idon hukuma. Dubun-dubatar mutane suka sa hannu a takardar koke, aka tayar da maganar a majalisun dokoki biyu na ƙasar, umarnin bai motsa ba. A takarda shawara ce, ba doka ba ce da majalisa ta zartar, sai dai mai zaure ba zai ba da hayar ɗakinsa ga abin da gwamnati ta ce a bari ba. Aka ɗaga ranar cire takunkumai daga 21 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli. Ranar 11 ga Yuli mutum fiye da 60,000 suka cika Wembley a wasan ƙarshe na gasar Turai. Sai bayan kwana takwas mawaƙi na bakwai ya sami izinin shiga ɗaki.

Wani zai ce wata biyu ne kawai, kuma waƙa ce, ba abinci ba ce, ba magani ba ce. Mai faɗin haka bai san abin da daren bita yake nufi ga matar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa, ga ƙasa mai sanyi inda maƙwabci yakan yi mako bai leƙo ba. Wannan daren ne take sa tufafi masu kyau, ta fita, a kira sunanta, a lura idan ba ta zo ba. A 2015 masu bincike a jami'ar Oxford sun bi azuzuwan manya na tsawon wata bakwai, suka ga 'yan ajin waƙa sun fi 'yan ajin sana'ar hannu da na rubutu saurin shaƙuwa da juna. Akwai ƙungiyoyin waƙa na masu ciwon mantuwa, inda wanda ya manta sunan jikansa yakan tuna waƙar ƙuruciyarsa daga farko har ƙarshe. A daidai lokacin da ake taƙaita waƙa, gidan wasan English National Opera da likitocin wani rukunin asibitocin Landan suna koya wa waɗanda korona ta bar su da sarƙewar numfashi yadda za su farfaɗo da huhunsu ta hanyar rera waƙoƙin reno.

Mawaƙan sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun gwada Zoom, amma muryoyi ba sa isowa lokaci ɗaya ta intanet, dole kowa ya kashe makirufonsa ya rera shi kaɗai a ɗakinsa yana kallon bakunan 'yan uwansa suna motsi. Sun yi bita a wuraren ajiye motoci, da rumbunan gona, da filaye, cikin yayyafi da sanyi. A Amurka da Kanada wasu suka riƙa jera motoci, kowa yana cikin tasa da makirufo, yana jin sauran ta rediyon mota. Mutanen da suka yi duk wannan don kada su cutar da juna sun cancanci a yi musu bayani, a kuma amince musu da sharuɗɗa. Hukuncin da mai yin sa ba zai iya bayyana dalilinsa ba yana cinye amanar da hukumar lafiya za ta nema gobe, ranar da za ta zo da umarni mai hujja ta tarar mutane sun daina saurare.

Misalin madafi yana da wurin da ya gaza, kuma gazawar tana ƙara nauyin maganar. Hayaƙin itace yana sanarwa: ido ya yi yaji, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, mutum ya tashi da kansa ya buɗe ƙofa. Tururin numfashi ba ya wari, ba ya yaji, kuma mai fitar da shi sau da yawa bai san yana ɗauke da komai ba. Ya fi kama da garwashin gawayi da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki da hunturu, babu hayaƙin da ake gani, amma a wayi gari da rasuwa. Saboda haka ba za a bar abin ga jin jikin mutane ba, sai an auna. Akwai 'yar ƙaramar na'ura da ke ƙirga iskar da mutane suka fitar a ɗaki. A waje takan nuna 400 da ɗoriya. Ƙasa da 800 a ɗaki alama ce iska tana zagayawa. Idan ta haura 1,500 to ana shaƙar numfashin juna, a buɗe ko a fita. Sannan murhun da ba wuta ba ya hayaƙi: idan babu mai cutar a ɗakin, a yi waƙa har asuba ba abin da zai faru. Don haka yawan cutar a gari, da gwaji kafin shiga, da zaman gida ga mai jin mura, da allura, su ne rabin aikin.

Wannan darasi bai tsaya a Ingila ba, domin mu ma mutane ne masu haɗa murya. Zumuntar mata a majami'un ECWA da COCIN da EYN suna bita duk mako, da gangunansu da tulunansu. Ana zikiri da wazifa a zawiyoyi, ana raya dararen Maulidi da bege. Yara sittin ko tamanin suna ɗaga murya tare a ajin Islamiyya, kuma karatu da ƙarfi, kamar yadda binciken Bristol ya nuna, bai bambanta da waƙa sosai ba. Korona ta lafa, amma tarin fuka da ƙyanda suna nan, dukansu ta iska suke tafiya, kuma duk bazara ma'aikatan lafiya suna roƙon a rage cunkoso a ɗakin kwana a buɗe tagogi saboda sanƙarau. Allah ya ba mu abin da Turawa ba su da shi, wato yanayin da za a zauna a waje mafi yawan shekara, ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya. Amma sababbin gine-ginenmu suna ta komawa ƙananan tagogin gilashi da ba a buɗewa, an dogara da fanka, alhali fanka a rufaffen ɗaki juya iska ɗaya kawai take yi daga wannan hanci zuwa wancan.

Roƙona ga hukumomin lafiyarmu shi ne, duk ranar da wata annoba ta tilasta taƙaita taro, a gina hukuncin a kan girman ɗaki, da mafitar iska, da tsawon zama, da ƙarfin murya, a ɗora shi a kan kowa daidai, mai kuɗi da mai sa-kai, gidan biki da wurin ibada, a kuma faɗa wa jama'a dalili da ranar da za a sake dubawa. Ku kuma kwamitin ginin masallaci, da dattawan ikilisiya, da masu makarantu da ke ƙara azuzuwa, tun ana aza bulo ku ce wa magini ya bar manyan tagogi masu fuskantar juna, waɗanda ake iya buɗewa, da ƙananan kafofi a sama kusa da rufi. Kuɗinsu bai kai na fasa bango daga baya ba.